Yadda Ake Gyaran Hanyar Burji da Gayya Kafin Damina

Duk wanda ya taɓa tura amalanke cikin taɓo a watan Agusta ya san ruwa ne ke kashe hanyar ƙauye. A yankinmu na Ringim na ga an zuba burji tifa-tifa, aka baje shi lebur kamar tabarma, damina ɗaya ta yi awon gaba da shi. Har yau abin yana ci mini rai, domin kuɗin karo-karon talakawa ne. Saboda haka kafin a sari ƙasa, a fara sanin inda ruwa zai bi.

Aikin tun daminar da ta gabata yake farawa. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ku bi hanyar da ƙafa, ku kafa turaku inda ya kwanta da inda ya tsallaka. Sannan a shaida wa dagaci da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a kuma nemi yardar masu gonakin gefe.

Bayan an kawar da amfanin gona, a ja igiya a fitar da faɗin mita 6, a kankare ciyawa da ƙasar sama mai taki. A haƙa lambatu hagu da dama, ƙasar da ta fito a jefa ta tsakiya, sai dai in zallar rairayi ce ko baƙar lakar fadama.

Nan ne sirrin yake: hanya sai da doro, kamar bayan kunkuru. Kowace mita daga tsakiya zuwa gefe ta sauka da santimita 5, wato a hanya mai faɗin mita 6 tsakiyar ta ɗara gefe da santimita 15. Kada a auna da ido. A ari tiyon awo na magina, wanda ake ganin ruwa a cikinsa, a riƙa ɗaura alama a jikin turaku. Shi ma lambatun a riƙa yanka masa mafita jefi-jefi zuwa fili, don in ruwa ya taru ya yi gudu, da kansa zai mayar da lambatun kwazazzabo.

Inda ruwa ke tsallakawa kuwa sai kwalbati. Kada bakinsa ya gaza santimita 60, ƙaramin bututu karan dawa da leda ne za su toshe shi. A ɗan karkata shi ta inda ruwan ya nufa, a ɗaure bakunansa biyu da dutse da siminti, a rufe shi da ƙasa kamar santimita 45.

Sai burji. A nemi ja mai tsakuwa da ɗan danƙo. A baje shi hawa-hawa, kaurin kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe, kafin a ƙara wani. Gwajin laima a tafin hannu yake: damƙi ƙasar ka matse. In ta ruguje, ruwa bai isa ba. In ta manne maka a yatsu, ya yi yawa, a bari ta sha iska. In ta dunƙule kamar curin fura, a hau daɓe. In an samu aron rola, madalla. In babu, madaɓin ƙarfe ko na kankare zai yi, amma a rage kaurin zuwa santimita 10.

Don Allah ramin da aka ɗebi burjin ya yi nisa da gidaje, a kuma kwantar da gaɓarsa. Da damina kududdufi yake zama, yara kuma ba sa ganin ruwa su ƙyale.

Bayan ruwan farko, a fito da shebur da baro a kwashe yashin da ya taru a lambatu da bakin kwalbati, duk ramin da ya ɓullo a cike shi da burji mai laima a daɓe nan take.