Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen zaɓen wurin karatu a jami'a

Da zarar an kafe jadawalin jarrabawa, sai jami'a ta canza kama. Ajujuwan da suke zama wayam da yamma su cika maƙil, a yi ta layi a ƙofar ɗakin karatu tun kafin a buɗe. Sai dai da yawa daga cikin masu wannan rububin awa biyar za su zauna, su tashi da karatun da bai kai na awa ɗaya ba. Ba kullum ne laifin ƙwaƙwalwa ba. Sau tari wurin zaman ne bai dace da aikin da aka zo yi ba.

Kuskuren da ya fi yawa, musamman a wurin 'yan aji ɗaya, shi ne karatu a kan gado. Ɗakin kwanan ɗalibai ba a gina shi don nazari ba: wannan na dafa wake a risho, wancan na musun ƙwallo, baƙo ya shigo gaisuwa, kuma kunya ba za ta bar ka ka share shi ba. Ko da ɗakin ya yi tsit, jiki ya riga ya san abin da ake yi a kan katifa. Ka jingina da matashi ka buɗe littafi, kafin shafi na uku ido ya fara lumshewa. Gyaran ba wuya: ɗaki na barci ne da bitar abin da aka riga aka karanta, sabon darasi kuwa a kai shi inda akwai tebur da kujera.

Sai masu bin soket. Mutum ya shiga aji, bai duba haske ba, bai duba iska ba, idonsa na kan inda zai maƙala caja. Wurin soket kuwa nan ne kasuwar aji, kowa zai zo ya ce don Allah a ɗan ba shi minti goma. Ga wayar a gabanka, tana haske duk lokacin da saƙo ya shigo WhatsApp. Ka yi cajinka tun da rana, ka buga takardun laccar da za ka karanta, ka jefa wayar cikin jaka.

Amma babban kuskuren a ganina shi ne ɗaukar cewa wuri ɗaya zai wadatar da kowane irin karatu. Karatu iri-iri ne. Akwai na natsuwa, inda kake son fahimtar babi mai wuya ko tattara bayanan aikin da malami ya bayar. Wannan babban ɗakin karatu ne gidansa, irin na Kashim Ibrahim da ke Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Akwai kuma hadda. Yawancinmu a makarantar allo da Islamiyya muka fara, mun saba abu ba ya zama a ka sai baki ya furta, kunne ya ji. Wanda yake haka, in ya shiga inda aka hana ko da raɗa, zai yi ta motsa leɓe yana jin kamar an ɗaure shi, maƙwabcinsa na hararar sa. Ba aibi ba ne. Ya nemi gindin bishiya ko ajin da babu kowa, ya yi ta maimaitawa da murya, ya rufe littafin ya gwada kawowa da ka. Gwada kai irin wannan ya fi sake bin layi da ido sau goma amfani. Na uku shi ne lissafi da tattaunawa: ɗaliban injiniya, kimiyya ko akanta suna bukatar allo da alli ko alƙalamin maka, da abokai uku zuwa huɗu da za a warware tambayoyin shekarun baya tare. In taron ya wuce haka ya zama majalisa. Saboda haka kafin ka fito, ka tambayi kanka wane irin karatu za ka yi yau, amsar ce za ta nuna maka inda za ka nufa.

Da yawa kuma har su gama jami'a ba su taɓa leƙa ƙaramin ɗakin karatu na tsangayarsu ko sashensu ba. Nan ne ake ajiye kundayen binciken waɗanda suka gabace ka, kuma cunkosonsa bai kai na babba ba. Ɗalibin shari'a da ke harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, alal misali, yana da abin da yake nema a kusa, ba sai ya hau mota zuwa Samaru ba.

Batun kwana a aji fa? Ana ɗaukarsa kamar jarumta, a tafi da bargo da filas ɗin shayi, a ce sai asuba. Leƙa irin wannan aji da ƙarfe uku na dare: rabin mutanen sun kifa kai a kan benci, sauro na shagali. Wanda ya yi haka ya yi asarar biyu, bai yi karatu ba, bai yi barcin kirki ba, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka zuba mata. In dare ne lokacinka, ka yanke wa kanka ƙa'ida, daga bayan isha'i zuwa sha biyu, a ajin da ke da fitila mai kyau kuma kusa da masu gadi. Ke kuma 'yar'uwa, kada ki zaɓi ajin da ke can ƙarshen makaranta don kawai ya fi shiru. Ki tafi da ƙawaye, ku dawo tare.

Yanayi ma ana mantawa da shi. Ajin da ya yi daɗi a watan Nuwamba, a Afrilu tanda ne, musamman bene na sama da rana ke dukan rufinsa, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40. Da hunturu kuwa kujerar bakin taga ƙura ce da mura. Ka kuma duba nisan wurin da masallaci, bayi da famfo, don wanda sai ya yi tafiyar minti ashirin kafin ya yi alwala, da wuya ya dawo bayan la'asar.

In za ka fita sallar, ka ɗauki kwamfutarka da wayarka. Littafin rubutu kaɗai ya isa ya riƙe maka kujera.