Kurakuran da ke ba cutar jini dama a kan jarirai

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne jira. Jariri ya ƙi kama nono, ya yi laƙwas, sai a ce bari a gani zuwa gobe, ko a bari sai an yi suna. Ƙwayar cuta idan ta shiga jinin ɗan kwana uku, sa'o'i kaɗan sun ishe ta. Kuma ba lallai jiki ya yi zafi ba, wani sanyi ƙalau zai yi. Ƙin shan nono, jijjiga, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, faɗawar ƙirji: ko ɗaya aka gani, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Sai garzayawa kemis a sayo sirof. A nan nake roƙon iyaye su tsaya su duba. Ampicillin da gentamicin su ne alluran farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansu, amma binciken BARNARDS, wanda aka yi a ƙasashe 7 daga 2015 zuwa 2017, har da asibitin Murtala na Kano, ya gano ƙwayoyin cuta irin su Klebsiella da yawa ba sa jin ampicillin. To ina ga sirof? Ɓata lokaci zai yi, ya ƙara wa ƙwayar taurin kai, ya kuma iya ɓoye ta a gwajin jini. A bari likita ya ɗebi jini kafin allurar farko, don a san maganin da ke kama ta.

Cibiya ma ƙofa ce. Gasa ta da tsumma, shafa man goge baki ko toka, duk hanyar shigar cuta ce. Man chlorhexidine na cibiya ya wadatar, amma kada ya kusanci ido.

Kada a zubar da dakashi, shi ne kariyar farko. 'Yan barka kuwa su wanke hannu da sabulu kafin su karɓi jariri, kuma mai jego kada ta ji nauyin faɗa, ko da ga ma'aikaciyar jinya ce.

Akwai kuma masu neman sallama da zarar yaro ya fara tsotso. Na san kuɗin gado da na allura suna da nauyi, amma allurar nan takan ɗauki kwana 7 zuwa 10, wani lokaci fiye. Idan aka yanke ta a tsakiya, ƙwayoyin da suka fi ƙarfi ne suke saura, kuma maganin da za a koma nema ya fi na farko tsada da wuyar samu.