Yadda Za Ka Gane Ko Nufin Allah Kake Bi Ko Son Ranka

Da yawa daga cikin masu zuwa wurin fasto su ce "a taya ni addu'a in san nufin Allah" sun riga sun yanke shawara tun daga gida. Hatimi kawai suke nema. Saboda haka aikin farko shi ne ka binciki kanka kafin ka durƙusa.

Ɗauki takarda ka rubuta maganar a layi ɗaya: auren wance, karɓar aikin nan, cin bashin nan, barin wannan ikilisiya. A ƙarƙashi ka rubuta amsar da kake so, da ainihin dalilinka, ba wanda za ka faɗa a gaban dattawa ba. In kuɗi ne, rubuta kuɗi. In haushin wani ne, rubuta haka. Son abu ba zunubi ba ne. A Getsamani Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala kafin ya miƙa kai ga nufin Uba (Luka 22:42). Son da ke ɓarna shi ne wanda aka ɓoye da sunan ibada.

Daga nan duba ko Littafi Mai Tsarki ya riga ya yi magana. Aikin da sai ka ƙara sifili a rasit, ko cinikin da sai ka tauye mudu, ba ya bukatar azumin kwana uku. An gama maganarsa tuntuni. Allah ya gaya wa Bal'amu kada ya bi manzannin Balak, sarkin Mowab, amma da aka turo manya da alkawarin ɗaukaka, sai ya ce su kwana ya sake tambaya (Littafin Ƙidaya 22). In ka ga kana maimaita tambayar da aka riga aka amsa, to ba haske kake nema ba, izini kake nema.

Abin da Littafi bai ambata kai tsaye ba shi ake kai wa addu'a. Sa wa kanka wa'adi, misali mako biyu, kuma a tsakanin nan kada ka ba da kafin alƙalami, kada a kai gaisuwa gidan yarinya, kada ka ajiye aiki. Wanda ya riga ya zuba kuɗinsa kunnensa ya toshe. Gwada kanka da wannan: za ka iya faɗa da bakinka abin da za ka yi in amsar ta zo "a'a"? Mutanen Yahuza sun rantse wa annabi Irmiya za su bi duk abin da Ubangiji ya ce. Bayan kwana 10 amsa ta zo cewa su zauna a ƙasar, sai suka ƙaryata shi suka wuce Masar (Irmiya 42 da 43).

Nemi shawarar mutum biyu ko uku, kuma a cikinsu a sami wanda ya taɓa ce maka ba ka kyauta ba. Faɗa musu labarin duka, har da ɓangaren da bai yi maka daɗi ba. Sarki Rehobowam ma ya nemi shawara, amma ya yar da ta dattawa ya ɗauki ta abokan tasowarsa, mulki ya rabu biyu (1 Sarakuna 12). A gefe guda kuma, mai cewa "Allah ya nuna mini a kanka" ba a bin sa ido rufe, ko wane ne shi. A auna maganarsa da Littafi (1 Yahaya 4:1).

Akwai alamu biyu da suka fi ruɗin mutane: "ƙofa ta buɗe" da "na sami salama". Allah ya aiki Yunusa Nineba, amma ya gudu, ya gangara Yafa, ya tarar da jirgin Tarshish, ga kuɗin jirgi a hannu. Hanya ta buɗe sarai. Da hadiri ya taso kuwa, matuƙa suna ta zubar da kaya cikin teku, shi yana can ƙasan jirgi yana sharar barci. Wani lokaci abin da muke kira salama sauƙin da mutum ke ji ne don ya daina kokawa da lamirinsa. Salamar da za a dogara da ita ita ce wadda ba ta gushewa in ka buɗe Littafi, ko in ka zayyana wa dattijon kirki komai.

In ka gane abin da ya kamata, yi shi duka. Allah ya umarci Sarki Saul ya hallaka Amalekawa da dabbobinsu duka, ya yaƙe su amma ya bar sarkinsu Agag da dabbobi masu kyau, ya ce na hadaya ne. Sama'ila ya gaya masa biyayya ta fi hadaya (1 Sama'ila 15:22). Ƙara baiko ba ya maye gurbin mayar da kuɗin da ka riƙe. Ɗauki mataki na farko a ranar: buga wayar, je ka ba da haƙuri, mayar da kayan. In kuwa ka riga ka kauce, koma daidai inda ka bar umarnin, domin da Ubangiji ya yi wa Yunusa magana karo na biyu, Nineba ɗin dai ya sake aikensa.