Yadda ake zaɓen kaurin allon tsakiya na ƙyauren ɗaki

Duk wanda zai ba kafinta aikin ƙyauren katako na cikin gida, ya kamata ya fara tsayar da kaurin firam, wato katakan jikin ƙyauren da suka kewaye allon tsakiya, domin shi ne ke yanke hukunci a kan allon da za a saka a tsakiya. Ƙyauren ɗaki yawanci milimita 35 ne, na ƙofar waje kuma 44 zuwa 45. Tsagar da ake yi a jikin firam don allon ya shiga, kada faɗinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin firam, in ba haka ba leɓenta zai yi rauni ya tsage.

Idan filawud ne, mai milimita 6 ya isa ƙananan alluna, sai dai yana ƙara kamar ganga idan an ƙwanƙwasa, kuma magana tana ratsa shi. A ganina, ɗakin kwana ya cancanci milimita 9, musamman idan allon yana da faɗi. Idan kuwa tsantsar katako ne irin maɗaci ko iroko, a nemi milimita 16 zuwa 19, sannan a fere gefensa har ya shiga tsagar.

A nan ne yanayin Zariya yake shigowa, kuma nan ne aiki ya fi lalacewa. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Katakon da aka kawo daga kudu yakan iso da danshi a jikinsa, saboda haka wanda ya saya a Sabon Gari ya jingine shi a inuwa na wasu makonni kafin a yanka. Kada a shafa wa allon gam, a bar shi ya zauna a sake cikin tsaga mai zurfin milimita 10 zuwa 12. Wanda ya haɗa ƙyaure da hunturu ya bar sararin milimita 2 zuwa 3 a kowane gefe, tunda allon zai kumbura idan ruwa ya sauka. Wanda ya haɗa a watan Agusta ya rage sararin.

A yi wa allon fenti kafin a haɗa, don kada farin layi ya bayyana a gefensa idan ya tsuke. Ƙyauren da ya yi nauyi kuma a sa masa hinji uku maimakon biyu.