Kurakuran da Sababbin Ƴan Ɗaga Ƙarfe Suka Fi Yi, da Yadda Nake Gyara Su

A wani kango da ke unguwar Zariya a Maraɗi muke ɗaga ƙarfe, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Kayanmu ba su taka kara sun karya ba: benci guda na katako, sanduna uku, tarin faifan burki da muka tsinto a garaji, sai dunƙulen siminti da aka zuba cikin gwangwanin madara. Shekara 11 ke nan ina zuwa, har na haddace yadda abin ke tafiya. Da an gama kokowar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, cikin sanyi, sai samari su cika wurin har a rasa masaka tsinke. Kafin zafin Afrilu ya kankama saura mutum uku ko huɗu. Wani kafaɗa ta kore shi, wani baya, wani kuwa gajiya ya yi da ɗaga nauyi ɗaya wata uku bai ga komai ba. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon zuwa, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya zo in tura masa a waya.

Babban kuskure shi ne lodi don idon mutane, kuma ni ne sarkin masu yin sa. A shekarata ta uku ina tura kilo 60 a kan benci sau biyar, lafiya lau. Wata ranar Juma'a wasu baƙi suka zo daga Katsina, ɗayansu ya kwanta ya tura 80 kamar mai ture buta. Yaranmu suka ɗau tafi. Zuciya ta ɗebe ni, na ce kada a sauke ko faifai ɗaya. Dattijon da ya fara koya mana, tsohon ɗan kokowa ne, ya ce, "Yaro, bar shi, wannan ba naka ba ne tukuna." Na ce, "Baba, sau ɗaya tak." Sandar ta sauko, na tura, ban kai rabi ba na ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗar dama, kamar igiyar guga ta tsinke. Mutum biyu suka ɗauke ƙarfen daga ƙirjina.

Wata bakwai ban taɓa ƙarfe ba. Ni mai walda ne, da hannun nan nake ci. Wata biyun farko ko guduma ba na iya ɗagawa, yaron shago ke aikin ina zaune ina nuni da baki. In ɗaga hannu in yi kabbara sai na cije leɓe, riga kuwa sai maiɗakina ta sa mini. Akwai aikin ƙofofin wani gida da na riga na karɓi kafin alƙalami, dole na mayar da kuɗin. Baƙin da na yi domin su, ko sunana ba su sani ba. Ranar Asabar suka hau mota suka koma gida.

Ga abin da ban sani ba lokacin. Ƙarfin da sabon shiga ke ji a makonnin farko, yawancinsa ƙwaƙwalwa ce da jijiyoyi suka koyi aikin, kamar yadda hannu ke faɗawa da tuƙin babur, naman bai riga ya ƙaru sosai ba. Sannan tsoka ta fi agara saurin yin ƙarfi, wato jijiyar nan da ta ɗaure tsoka da ƙashi, saboda jini bai wadace ta kamar tsoka ba. Sai tsoka ta ce maka a ƙara, alhali maɗaurinta bai shirya ba. Ita kanta ƙa'idar ƙari kaɗan-kaɗan daga asibiti ta yi suna. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya wallafa yadda yake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a yaƙi: a nemo nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau goma, a yi ta aiki da shi, in ya yi sauƙi a ƙara. Idan da haka aka tayar da gwiwar da ta lalace, mene ne naka na gaggawa kai mai lafiya?

Tun daga nan dokata ba ta canza ba. Zubi uku nake yi, abin da yara ke kira seri, kowane sau biyar. Ba na ƙara komai sai na cika goma sha biyar ɗin nan tsaf, ba karkata, ba ɗaga ƙugu daga benci, ba wanda ya taɓa mini sanda. In na cika, ƙirji da kafaɗa kilo 1 ko 2 nake ƙarawa, ƙafa da baya 2 zuwa 5. Kullum ina tashi da sauran ɗagawa ɗaya ko biyu a jikina. Da yake ƙaramin faifan da muke da shi kilo 5 ne, sai na yanko guntayen ƙarfe a shago na yi ƴan faifai na rabin kilo, masu kama da murfin tukunya. Yara na yi musu dariya. To ku yi lissafi: kilo ɗaya a mako, 52 ke nan a shekara. Ba mai samun haka har ƙarshe, dole a tsaya a hanya, amma ko rabi ka samu ka tashi daga 40 zuwa 66. Nuna mini mai lodin burga ɗaya a kangon nan da ya yi haka. In nauyi ya gagare ni sau uku a jere, sai in rage kashi ɗaya cikin goma in sake hawa a hankali. Wasu sun fi son su canza yawan ɗagawar, ni dai ragewa ta fi karɓa ta.

Sai dai duk wannan lissafi banza ne in ba ka san abin da kake ɗagawa ba. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, ta mata 15, kowa ya san wannan. Tamu fa? Bututun ruwa ne da kan gatarin mota, kowace da nata nauyi. Ranar da na gaji, na ɗora kayan duka a kura na kai wurin masu sayen ƙarfen gwangwan, aka aza a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Dunƙulen siminti biyu da muka shekara muna kira "sha biyar-sha biyar", ɗaya 13 ne, ɗaya 16 da rabi. Ashe duk wanda ya ɗauka, gefe guda yake cuta. Na rubuta wa kowane nauyinsa da fenti. Kai kuma sayi kaye irin na ƴan lakwal, ka riƙa rubuta kwanan wata da nauyi da sau nawa. Wanda ba ya rubutu, abin da ya ɗaga ranar da ya fi jin daɗi kawai yake tunawa, sai ya yi ta yi wa kansa ƙarya.

Kuskure na biyu da ya ci ni, har yau kunyar faɗarsa nake ji. Cikin jinyar nan na rame, riguna suka yi mini yawa, kowa ya gan ni sai ya ce, "Ina jikin ya tafi?" Wani mai tallan magani a kan keke ya ce yana da abin da zai maido ni cikin wata guda, ƴan ƙananan ƙwayoyi farare, deksa. Na sha. Mako uku fuska ta yi tulu, ciki ya fito, ana ta yi mini barka. Ni kuwa in na tsuguna sai na dafa bango nake tashi, ƙwannafi ya hana ni barci, fatar cinya ta fara zane. Da na je likita, lokotoron ya dube ni ya ce, "Malam, me kake sha?" Da na nuna masa ya girgiza kai, ya ce kada in kuskura in daina rana ɗaya, sai dai ya tsara mini yadda zan rage a hankali, don jiki ya riga ya daina sarrafa nasa sinadarin, yanke shi farat ɗaya na iya kayar da mutum.

Ku saurara da kyau, ku masu ɓoye ƙwaya a aljihun wando kuna tsammanin ban gani ba. Deksametazon, wato deksan nan, magani ne na kumburi da wasu cututtuka masu tsanani, likita ke rubuta shi. Ba ya gina tsoka ko kaɗan, cinye ta yake yi, musamman ta cinya da kafaɗa. Abin da kake gani a madubi ruwa ne da kitse. Yana tayar da sukari, yana ɓuɓɓuga ƙashi. Wato ka biya kuɗi an rushe maka abin da ka zo ginawa, wane irin ciniki ne wannan? Allurar nan kuma da ake shigowa da ita a ɓoye, mai kumbura nama da gaske, tana sa jiki ya rage yin nasa sinadarin mazantaka, maniyyi ya ragu, hawan jini ya samu ƙofa. Saurayin da ko lefe bai haɗa ba yana wasa da haihuwarsa don hoto a TikTok. Mai shan tramol kafin ɗagawa kuwa, ya kashe ƙararrawar da za ta gaya masa wani abu na yagewa. A kangonmu wanda na kama da ɗaya daga cikin ukun nan, ya nemi wani wuri.

Abin da ke gina nama yana nan cikin kasuwa. Lissafin da nake bi shi ne kusan giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, mai kilo 70 yana neman wajen giram 110 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Saura ka cike da wake, awara, ƙuliƙuli, nono, busasshen kifi, fara in lokacinta ne, nama ranar da aljihu ya yarda. Ni da safe ƙosai da kunu, da rana shinkafa da wake, bayan ƙarfe fura da nono mai kauri da ƙwai biyu. Garin furotin na cikin roba na kanti mai tsada ban taɓa saye ba. Amma yaro ya sha shayi da burodi tun safe, ya zo la'asar yana tambaya me ya sa hannunsa bai girma ba, da me zai girma?

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙirji da damtse kullum, ƙafa kamar sillen kara: je filin kokowa na Kantu ka kalli inda ƙarfin ƴan kokowa yake, a cinya da ƙugu ne. Shi Kantun da ya kawo wa Maraɗi takobin farko a Tawa a 1975, ai ba da damtse kaɗai ya yi ta kayar da maza ba. Ka tsuguna da ƙarfe a kafaɗa, ka ɗago daga ƙasa da baya a miƙe. Kada ka faɗa wa babban nauyi da sanyin jiki, fara da sanda tsura, ka hau mataki-mataki. Babban yatsa ya zagaye sanda a kan benci, kuma kada ka kwanta ƙarƙashin nauyi ba kowa tsaye a kanka. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku ba komai ba ne, amma zafi mai suka a gaɓa, ajiye ƙarfen. Ɗamara ba ta gyara bayan da aka lanƙwasa. Tsarin da ka gani a bidiyo jiya, bar shi, riƙe naka wata uku kafin ka yanke masa hukunci.

Barci kam sai na ɗan tsaya a kansa, don nan ne ƴan Maraɗi muke faɗuwa. Mutum ya gama ɗagawa, ya wuce fada, a dafa shayi na ɗaya, na biyu, na uku, ana karta har ƙarfe biyu na dare, asuba kuma ya tashi. Tsoka lokacin hutu take gyara kanta, awa bakwai zuwa takwas take nema. Ban ce ka bar fada ba, ni ma ina zuwa, amma daga kofin farko nake sallama.

Cikin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, nakan zo da gorar ruwa babba in rage zubi ɗaya. Da azumi sai bayan asham nake taɓa ƙarfe, sau biyu a mako, kuma ba na neman ƙari a watan, in riƙe abin da nake da shi ya ishe ni. Sauran shekara kwana uku ne: Litinin, Laraba, Asabar. Tsuguno, turin benci, ɗagowa daga ƙasa, turawa sama, jan jiki a sanda, shi ke nan. Ranar Lahadi kangon a rufe yake, wanda na tarar ya tsallako katanga yana ɗagawa, shi zai share wurin mako guda.