Yadda Ake Kare Bayanan Masu Ziyartar Shafin Coci a Intanet

Shafin coci yakan tara bayanan da suka fi na shafin kasuwanci nauyi: sunaye da lambobin wayar masu neman baftisma, adadin baiko da zakkar da mutum ya bayar, da roƙon addu'a wanda a cikinsa ake faɗin rashin lafiya ko rikicin gida. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Ta yarda ƙungiyar addini ta riƙe irin waɗannan bayanai na membobinta da masu hulɗa da ita a kai a kai, amma da sharaɗin kada a fitar da su waje sai da yardar mai su ƙarara.

Mataki na farko shi ne fasto da dattawan ikilisiya su zauna da mai kula da shafin, su rubuta kowane fom da ke kansa, abin da yake tambaya, inda amsoshin suke zuwa, da waɗanda suke iya buɗe su. Daga nan sai a soke duk tambayar da ba ta da amfani. Wanda yake son sanin lokacin sujada ba ya buƙatar bayar da adireshin gidansa ko ranar haihuwarsa.

Mataki na biyu ya shafi roƙon addu'a, kuma a nan ne aka fi yin sakaci, domin kyakkyawar niyya takan sa a tura saƙon mutum zuwa zauren WhatsApp na Zumuntar Mata ko na matasa da sunan neman taimakon addu'a. A sanya zaɓi biyu a fom ɗin: ko fasto kaɗai ya gani, ko a karanta a taro, kuma wanda bai zaɓi komai ba a ɗauka sirri yake so. A ba mutum damar turawa ba tare da suna ba. A kuma yanke wa'adin goge saƙonnin, misali bayan wata uku, domin saƙon da aka goge ba mai iya sace shi. Haka nan shaidar sabon tuba: a wuraren da sauya addini kan jawo wa mutum barazana, kada a wallafa sunansa, hotonsa ko unguwarsa, ko da shi kansa ya nuna bai damu ba a ranar.

Na uku, hotuna. Dokar ta buƙaci amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro, don haka a nemi izini a rubuce kafin a ɗora hotunan makarantar Lahadi. Idan ana watsa sujada kai tsaye ta Facebook ko YouTube, a sanar da jama'a, a kuma keɓe kujerun da kyamara ba ta kaiwa.

Na huɗu, kada shafin ya ajiye lambar katin kowa. A bar karɓar baiko a hannun kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave, a tabbatar adireshin shafin yana farawa da https, alamar cewa bayanan da ake turawa a kulle suke a hanya, wanda ake samun takardar shaidarsa kyauta daga wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt. Kowane ma'aikaci ya mallaki kalmar sirrinsa, kuma ranar da sakatare ya bar aiki ko aka yi wa fasto canjin wuri, a rufe masa hanyar shiga.

Na biyar, a rubuta sanarwar kare sirrin masu ziyara da Hausa da Turanci, gajeriya, wadda za ta faɗi abin da ake tarawa, dalilin tarawa, tsawon lokacin ajiya, kukis ɗin (ƙananan fayilolin da ke tuna mai ziyara) da Google Analytics, manhajar ƙirga masu ziyara, ko bidiyon YouTube ke sakawa a wayarsa, da ofishin da mutum zai tuntuɓa idan yana son a gyara ko a goge bayanansa.

Idan kuma aka yi kutse wanda zai iya cutar da masu bayanan, doka ta ba da awa 72 daga lokacin da aka gano a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya. A sauya dukkan kalmomin sirri nan take, a kuma gargaɗi membobi a taron Lahadi da ta saƙon waya, domin 'yan damfara sukan yi amfani da lambobin da suka sata su nemi kuɗi da sunan fasto.