Yadda ƙauyen masunta a gaɓar Ghana zai ci moriyar baƙi ba tare da ya jingine taru ba

Daga Cape Coast zuwa Cape Three Points baƙi ba su yi ƙaranci ba. Kullum motoci na sauke su a tsohon gidan tsare bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, su zaga, su wuce dajin Kakum, magariba ta riske su a otal. Ƙananan garuruwan masunta irin su Brenu Akyinim, Butre da Akwidaa kuwa, abin da ke isa gare su bai taka kara ya karya ba. Abin da ake nema shi ne baƙo ya kwana, ya ci abincin gari, ya shiga kwale-kwalen gari, kuɗin kuma ya tsaya a hannun 'yan gari.

Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a zauna da sarkin masunta, wanda mutanen Fante na gaɓar ke kira apofohene, da shugabar mata masu sarin kifi. Bakin ruwa wurin sana'arsu ne. A rubuta a takarda inda kwale-kwale za su riƙa sauka, inda za a shanya taru, da ɓangaren da aka ware wa baƙi. Wanda ya tsallake wannan zama zai wayi gari ya tarar an ja kwale-kwale an jibge a ƙofar rumfarsa, kuma ba shi da bakin magana.

Sai abin da mutane ba su son a faɗa: muddin ana bahaya a kan yashi, baƙon da ya zo ba zai dawo ba. Banɗaki ne gini na farko. Ƙasar gaɓa yashi ce kuma ruwa na kusa, don haka ramin masai na yau da kullum zai rufta ko ya gurɓata rijiya. A ɗaga ramin sama, a zagaye shi da bulo, a bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiya. A ɗauki mutum ɗaya da ake biya duk wata ya riƙa wankewa, domin aikin gayya ba ya wuce mako uku. Shara ma haka: igiyar ruwa na dawo da leda kowane dare, sai an share kafin ƙarfe bakwai na safe, kullum.

Abin sayarwa yana nan a gari tun asali. Inda kogi ke shiga teku, kamar a Butre, yawo cikin itatuwan mangurob, masu tsirowa cikin ruwa a bakin kogi, ya fi fita teku sauƙi da aminci. Kada a wuce mutum shida a kwale-kwale ɗaya, da matuƙa biyu, da rigar hana nutsewa ga kowa, har da biyu na yara. Awa ɗaya da rabi ya isa. A fita lokacin da ruwa ya cika, in ba haka ba a maƙale a taɓo ana turawa da gora. Lokacin cikar ruwan kuma yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka wanda ya rubuta "ƙarfe tara kullum" a allo ya yi wa kansa tarko. A haɗa da hawa tudun Butre da kangon sansanin Batenstein yake, wanda 'yan Holan suka gina a 1656, an samu aikin rabin yini.

Ranar Talata akasarin masuntan gaɓar nan ba sa fita teku. Kada a sayar wa baƙo fita teku a ranar komai abin da zai biya, amma rana ce mai kyau ta zama da masu ɗinkin taru, ga matasa kuma a gari. Wajen matan da ke banda kifi a murhun Chorkor, inda ake jera farantan waya kan juna hayaƙi na bi ta ciki, a nemi izini kafin hoto, a kuma ware wa mai murhun kasonta a hannu. Matar da aka ɗauka hoto sau goma ba ta ga ko kwabo ba, ranar sha ɗaya da tsintsiya za ta tari baƙo.

Daga Yuli zuwa Satumba ruwa na sanyi, kifi na yawa, teku na hauka, masunta ba su da lokacin kowa. A watannin nan a tsaya kan kogi da abinci da bukukuwa, irin su Bakatue na Elmina da ake yi Talatar farko ta Yuli. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, teku ya fi kwanciya, baƙi sun fi yawa. Kunkurun teku na hawowa yin ƙwai daga wajen Oktoba zuwa Maris. Dokar Ghana ta hana kama su, kuma kallonsu da dare na kawo kuɗi: ƙaramin rukuni, jar fitila kawai, babu walƙiyar kyamara, a tsaya a bayan uwar kunkurun sai ta fara zuba ƙwai. Farin haske na sa ta juya ta koma ruwa.

Wajen kuɗi aka fi samun rigima. A kafa allon farashi guda a mashigar gari, da littafin rasit, da lambar karɓar kuɗi ta waya da sunan ƙungiya, a kuma sa mutum uku su sa hannu kafin a cire. Rabon da ya dace a fara da shi: kashi 60 ga waɗanda suka yi aikin, 20 na gyaran kwale-kwale da riguna, 20 na banɗaki da shara. A karanta lissafin a bainar jama'a duk wata. Idan za a kunna inji, a yi lissafi da farashin mai na kasuwa, domin man rangwame da gwamnati ke bayarwa na kamun kifi ne. Jagorori su zama sanannu, da kati a wuya. In aka bar kowa ya zama jagora, yara za su bar makaranta su koma bin Turawa.

Masauki a fara da ɗaki biyu ko uku: gidan sauro, fanka, katifa mai tsabta, bokitin ruwa. Iskar gishiri na cinye ƙarfe cikin 'yan shekaru, a yi tagogi da katako. Kada a gina dab da ruwa, teku na cin gaɓa, kuma a hana ɗibar yashin bakin teku ko don ginin masaukin kansa. Rajista a majalisar gunduma, lasisi a hukumar yawon buɗe ido ta Ghana. Idan mai jari ya zo daga waje, a ba shi hayar fili na 'yan shekaru da sharaɗin ɗaukar 'yan gari aiki da barin hanyar zuwa ruwa a buɗe. Wanda ba ɗan ƙasa ba dai doka ba ta ba shi haya fiye da shekara 50.

Abinci kuwa, kifin da aka fitar da safe a gasa shi da rana. Inda akwai zango a kusa, a jawo masu koko da ƙosai da wake da shinkafa da tsire, su ne za su riƙe karin kumallo da dare. Su ne kuma za su tabbatar wa baƙo Musulmi daga Kumasi ko Tamale cewa yankan halal ne. A tanadar masa buta da tabarma a ɗaki, a yi alamar alƙibla a bango.